Tumfafiyar Amurka ta fito min a bayan gida: in bari ko in cire?

Maman Hanif (Ohayo)
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu lambu a cikinmu. Wani tsiro ya fito da kansa a gindin dangar bayan gidanmu, nan Kolombos. Ganyensa manya ne masu kauri, in an karya sai farin ruwa ya tsatso, kamannin tumfafiyar gida sak, sai dai bai kai ta girma ba. Na ɗauko fartanya zan nome shi don in ƙara wa kuɓewa da yakuwa wuri, sai maƙwabciyata ta leƙo tana roƙona in ƙyale shi. Wai sunansa milkwid, wai shi kaɗai 'ya'yan wani malam-buɗe-littafi mai suna monak ke ci, kuma monak ɗin yana neman ƙarewa. Ni dai filina ɗan kaɗan ne, ga yara ƙanana suna wasa a wurin. Wanda ya san kan abin ya ba ni shawara.

Malam Mai Lambu (Minesota)
Wa alaikumus salam Maman Hanif. Maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa miki. Idonki ma bai yaudare ki ba, shi da tumfafiya dangi ɗaya ne a wajen masana tsirrai. Bisa yadda kika kwatanta, gama-garin ne ya fito miki, wanda ake rubuta wa Asclepias syriaca a jikin takardar iri.

Kafin ki yanke shawara, gobe da safe ki je ki ɗaga ganyayen sama masu taushi ki duba bayansu. In kin ga ɗan ƙwai guda ɗaya tak, launin madara, bai fi kan allura ba, mai ɗan tsini a sama, to uwa ta riga ki zuwa. Ɗaya-ɗaya take ajiyewa, ba ta tara su wuri guda, kuma kafin ta mutu takan saka ɗaruruwa. Kwana 3 zuwa 5 ya ƙyanƙyashe. Tsutsar na fara cinye ɓawon ƙwanta sannan ta far wa ganye. Zane gare ta baƙi da fari da rawaya, da wasu 'yan ƙahonni masu laushi, biyu a gaba biyu a baya. Wajen mako biyu tana ci ba dare ba rana, tana girma tana saɓa, daga nan ta sauka daga tsiron ta nemi wurin rataya, ƙarƙashin danga ko bakin taga, ta koma wani koren kwanso mai ɗigon zinariya. Bayan kwana 10 zuwa 14 malam-buɗe-littafi ya fito, ruwan lemo mai baƙaƙen jijiyoyi da fararen ɗigo a bakin fiffike.

Shi babban kowane fure ya samu yana shan ruwansa. Tsutsar ce ba ta da wani abinci, in babu milkwid babu ita. Kuma ko yunwa za ta kashe ta ba za ta taɓa miki kuɓewa ko yakuwa ba.

Maman Hanif (Ohayo)
Ikon Allah. To batun yara fa, Malam? Mu dai a gida mun taso ana tsawatar mana kan nonon tumfafiya, wai yana makantarwa.

Anti Nas (Merilan)
Ƙanwata, tsawatarwar nan ta iyayenmu tana da tushe, kar ki ɗauke ta almara. Nonon wannan dangin in ya shiga ido yana kumbura fatar gaban idon, gani ya dushe na kwanaki. Galibi yana dawowa in an samu kulawa, amma wahala ce. Kuma yawanci ba fantsama yake yi ba, mutum ne zai yanka tsiron, gumi ya zubo masa, ya sa hannu ya murtsuke ido. Saboda haka safar hannu in za ki taɓa shi, ki wanke hannu da sabulu in kin gama. In ya shiga ido a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon lokaci, sannan a tafi asibiti, kar a jira a ga yadda za ta kaya.

Batun ci kuwa, ɗaci ne da shi sosai, yaro ba zai daɗe yana tauna ba. Amma mai rarrafe da ke kai komai baki, a killace wurin. Waɗanda suka yi wayo a nuna musu, a ce wannan kallo ne kawai.

Malam Mai Lambu (Minesota)
Abu ɗaya da ya kamata ki sani tun yanzu, Maman Hanif: gama-garin nan saiwarsa ƙarƙashin ƙasa take bi, kamar kiri-kiri. Bana yana gindin danga, baɗi sai ki gan shi ya ɓullo a tsakiyar kunyar kuɓewa. A ƙaramin fili zai dame ki. Shawarata ki bar na bana tunda wataƙila akwai ƙwai a jikinsa, duk wanda ya ɓullo inda ba ki so ki tumɓuke shi yana ƙarami. Baɗi kuma ki nemi ɗaya daga cikin biyun nan, dukkansu 'yan asalin Ohayo ne kuma inda aka sa su nan suke zama. Na fadama, Asclepias incarnata, mai fure ruwan hoda, yana son danshi, kusa da inda ruwan indararo ke zuba ya fi masa. Ni a wurina shi matan monak suka fi sauka a kai. Ɗayan kuma mai furen lemo, Asclepias tuberosa, gajere ne, yana son rana da busasshiyar ƙasa, kuma shi ba ya fitar da farin nonon nan kamar sauran, wanda zai ɗan kwantar miki da hankali kan yara.

Hajiya ta Toronto
Maman Hanif, don Allah ki bari. Bari in gaya miki abin da ya sa na ƙaunaci wannan halitta. Waɗanda ke fitowa a watan Yuni da Yuli makonni kaɗan suke yi a duniya, su yi ƙwai su mutu. Amma waɗanda suka fito daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba ba sa haihuwa. Kudu suke nufa. Daga nan Kanada har duwatsun tsakiyar Meziko, a jihar Michoakan da maƙwabciyarta, tafiyar da ke kai kilomita 4,000, ga halittar da nauyinta wajen rabin giram ne. Suna isa a farkon Nuwamba, su lulluɓe itatuwan oyamel a kan tsaunuka masu tsayin mita 3,000, har rassa su sunkuya. A watan Maris su juyo, su yi ƙwai a Tekzas da kewaye, su mutu, 'ya'yansu su ci gaba da tahowa arewa. Wanda zai koma Meziko a kaka mai zuwa jika ne ko tattaɓa-kunne, bai taɓa ganin wurin ba, babu wanda ya nuna masa hanya, amma dajin da kakanninsa suka sauka nan yake sauka.

Wani malamin Jami'ar Toronto, Fred Urquhart, shi da matarsa Norah, sun kwashe shekaru da dama suna manna wa fiffiken monak 'yar alama don su gano inda suke ɓacewa da sanyi. Sai a Janairun 1975 wasu masu taimaka musu biyu, Ken Brugger da Catalina Aguado, suka hau dutsen suka gani da idonsu. Mutanen ƙauyukan wurin kam tun kaka da kakanni sun san da zuwansu.

Ni a bene nake, ba ni da ƙasa. Na fadamar nan na sa a babbar tukunya a baranda, kuma suna zuwa.

Injiniya (Shikago)
Ku gafarce ni, ba don in sanyaya wa kowa gwiwa ba, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ya cinye milkwid a ƙasar nan manyan gonakin masara da waken suya ne. Tun 1996 da aka fito da irin da maganin ciyawa na gilaifoset ba ya kashewa, manomi ya samu damar feshe gona gaba ɗaya, komai ya mutu ban da amfaninsa. Ku bi hanya daga Ilinoi zuwa Ayowa ku gani, gona iya ganinka, ko tsinke ɗaya babu a tsakanin layuka. Miliyoyin eka ake magana. Sannan ga saran daji da gonakin afokado a Meziko, ga fari a Tekzas. Ɗan tsiron Maman Hanif me zai gyara a nan? Gara ta shuka kuɓewarta yara su sha miya. Na ma karanta cewa wasu masu bincike a Jami'ar Jojiya sun duba ƙidayar lokacin zafi ta shekaru da yawa suka ce yawan bai ragu ba.

Ɗalibar Kansas
Yaya Injiniya, rabin maganarka gaskiya ce, kuma fannin karatuna ne, bari in sa baki.

A Meziko ba a iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, faɗin dajin da suka rufe ake aunawa. A sanyin 1996 zuwa 1997 ya haura hekta 18. A sanyin 2013 zuwa 2014 ya faɗo hekta 0.67, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa. A 2023 zuwa 2024 hekta 0.9, shekarar da ta biyo baya 1.79. Yana hawa yana sauka da yanayin shekara, amma bai sake kusantar na da ba. Masana sun ce sai an tsaya a wajen hekta 6 kafin a ce hijirar ta tsira. Shi ya sa a Disambar 2024 hukumar kula da namun daji ta Amurka ta gabatar da shawarar a sa monak cikin halittun da ke fuskantar barazana. Kanada ta riga ta sa shi cikin masu haɗarin ƙarewa tun 2023.

Batun gonaki ka faɗi daidai. Wasu masu bincike biyu, John Pleasants da Karen Oberhauser, sun ƙiyasta cewa tsakanin 1999 da 2010 milkwid ya ragu da kashi 58 cikin 100 a yankin masara na tsakiyar ƙasar. Binciken Jojiya da ka ambata ma gaskiya ne, a 2022 ya fito, kuma har yanzu ana ja-in-ja a kansa. Wasu na cewa ƙarancin milkwid ne babbar matsala, wasu na cewa a hanyar kudu ake asarar, saboda rashin furen da za su sha, da motoci, da cuta.

Amma duba, ko wane ɓangare ka bi, lambun gida yana da aiki. In milkwid ne ya yi ƙaranci, ka shuka milkwid. In furen kaka ne, ka shuka fure. Gonakin nan kuwa ba za su dawo yadda suke ba, don haka abin da ya rage shi ne gefen hanyoyi, filayen makarantu, ƙarƙashin layukan wuta da bayan gidajen mutane. Lissafin masana ya nuna ana bukatar ƙarin tsiro sama da biliyan 1, kuma babu ɓangare ɗaya da zai iya shi kaɗai. A garinku ma, gidan tarihi na Field ya yi nazari ya nuna birane za su iya ɗaukar kaso mai tsoka.

Injiniya (Shikago)
Na ji ƙanwata, kuma na gode da alƙaluman. Har yanzu ina ganin in ba a taɓa dokar feshi da tallafin noma ba, muna ɗiban ruwa ne da rariya. Amma ban ce kowa ya tumɓuke nasa ba.

Baba Alhaji (Kano)
Ina ta karanta ku daga nan gida. Injiniya, ɗana, ba sai ka gyara duniya duka ake rubuta maka lada ba. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Musulmi ba zai dasa itace ko ya yi shuka ba, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zama sadaka gare shi. Ba a ce sai gona mai eka dubu ba. 'Yata Maman Hanif ta raba filin, kuɓewa ta samu nata, baƙon Allah ya samu nasa.

Baban Yusra (Hustan)
Ni ban ga abin wahala a nan ba. Ku je shagon sayar da furanni ku sayi mai fure ja da rawaya, arha ne, ba ya mutuwa, kuma tsutsa har ta yi masa yawa. Nawa ko a Disamba akwai tsutsa a kai, lokacin da naku na arewa duk ya bushe. Sai dai ina da tambaya: wasu in sun fito daga kwanson fiffikensu a cukurkuɗe yake, ba sa iya tashi, sai su faɗo ƙasa tururuwa ta taru musu. Sanyi ne?

Ɗalibar Kansas
Baban Yusra, don Allah duba takardar jikin tukunyar. In an rubuta Asclepias curassavica, to na ƙasashen zafi ne, ba ɗan asalin Tekzas ba, kuma abin da kake gani a matsayin alherinsa shi ne matsalarsa.

Akwai wata ƙwayar cuta da ake taƙaita sunanta da OE. Ƙurarta na manne a jikin babban monak. In mace ta sauka yin ƙwai sai ta zube a kan ganye da kan ƙwan, tsutsa ta haɗiye, ta hayayyafa a cikinta. Wanda abin ya yi wa yawa shi ne ke fitowa a cukurkuɗe, ko ya maƙale a kwanson. Sanyi ma yana iya nakasa su, amma yadda ka kwatanta, a wuri irin Hustan, ita zan fara zargi. Ɗan asalin ƙasa yana mutuwa da kaka, ƙurar ta tafi da busasshen ganye, baɗi sabon ganye mai tsabta ya fito. Naka ba ya mutuwa, ƙura na taruwa a kansa wata da watanni. Ita kanta doguwar tafiyar tana tace marasa lafiya, ba sa kaiwa. Waɗanda suka tarar da ɗanyen ganye a bakin tekun kudu suka tsaya suna haihuwa da sanyi, an auna an ga cutar ta ninka a cikinsu sau da yawa. Kuma Tekzas ce mashigar kowa, masu tafiya da masu dawowa duk ta nan suke bi.

Baban Yusra (Hustan)
To in haka ne me ya sa ake sayar da shi a fili? Ni da kuɗina na saya don in taimaka. Kuma a lambuna na ga lafiyayyu da yawa sun tashi. In na tumɓuke, waɗanda ke kai yanzu su ci me?

Malam Mai Lambu (Minesota)
Ana sayar da shi ne don yana saurin girma a tukunya kuma yana da kyan gani, mai shago ciniki yake nema. Wasu wurare sun fara hanawa, a Kalifoniya akwai ƙananan hukumomin da suka haramta sayar da shi. Babu wanda ya ce ka tumɓuke yau, Baban Yusra, niyyarka mai kyau ce. Ka bar waɗanda ke kai su gama. Daga wajen Oktoba ka yanke shi kusa da ƙasa, duk tohon da ya fito ka sake yankewa har ƙarshen sanyi, ganyen da ka yanke ka zuba a shara. A hankali ka maye gurbinsa da 'yan ƙasa. A Tekzas akwai Asclepias viridis da Asclepias asperula, su ne waɗanda suka dawo daga Meziko ke nema a watan Maris da Afrilu.

Ɗan Damagaram
Salamu alaikum. Ni abin mamaki yake ba ni. Nan wajenmu tumfafiya ta cika ko'ina, bayan gari, kufai, gefen hanya, ko akuya ba ta cika kula ta ba. In ita ake nema ku faɗa, in tara muku iri buhu guda, duk mai tahowa ya riƙo muku.

Hajiya ta Toronto
Allah ya saka da alheri ɗan uwa, amma kar ka ba kowa. Shigo da iri ba tare da takardar izini ba laifi ne a Amurka da Kanada, za a ƙwace a filin jirgi, wani lokaci har da tara. Ban da haka ma, baƙon tsiro ba a san abin da zai zama ba. Nan Ontariyo muna fama da wata yaɗuwa da aka kawo daga Turai, dangin milkwid ce ita ma, ta mamaye kwaruruwan Toronto. Macen monak kan ruɗe ta yi ƙwai a kanta, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta mutu don ba abincinta ba ne. Shi kuwa ɗan ƙasar, har zuwa 2014 yana cikin jerin miyagun ciyayin da dokar lardin ta ce a kashe, sai a shekarar aka cire shi.

Ɗalibar Kansas
Gaskiya ne monak na cin dangin tumfafiya a wurare masu zafi, kamar Hawai da tsibiran Karebiyan. Amma a arewa sanyi zai kashe ta, a kudu kuma za ta zauna da ganye shekara duka, matsalar Baban Yusra ta dawo.

Yaya na Damagaram, ai kai kana da naka. Tumfafiya na da malam-buɗe-littafinta, ɗan uwan monak ne na kusa, masana na ce masa Danaus chrysippus. Je ka duba bayan ganye. Dabararsu ɗaya: tsutsa ta ci ganye mai dafi, ta adana dafin a jikinta har ta girma, tsuntsun da ya ci ya yi amai, daga ranar in ya ga launin ya kauce. Wani masani, Lincoln Brower, ya nuna haka da tsuntsaye a gwaje-gwajensa kan monak tun shekarun 1960.

Ɗan Damagaram
Na je bayan makarantar unguwarmu da la'asar. Wallahi akwai su. Tsutsa mai zanen baƙi da fari da ɗigon rawaya, amma ƙahonnin tata layi uku na ƙirga, gaba da tsakiya da baya, ba biyu ba yadda Malam ya ce. Na lura ƙananan sukan fara gatsa ganyen a zagaye, nonon ya tsiyaye, sannan su ci na tsakiya. Babban ma na gan shi yana shawagi a hankali, ba ya gudun mutum, ruwan lemo, fiffiken baya fari. Tun muna yara muke ganinsa, ban taɓa haɗa shi da tumfafiya ba.

Ɗalibar Kansas
Shi ne! Layi uku nasa ne, monak biyu. Farin fiffiken baya kuma shi ne kamannin da ya fi yawa a Afirka ta Yamma. Gatsar da ka gani, na nan ma haka suke yi, don nonon na iya liƙe bakin ƙaramar tsutsa ya kashe ta.

Anti Nas (Merilan)
Tunda masana na kusa, ni ma ga tawa. Ni da jikokina mukan kwashe ƙwan mu kai ɗaki mu rene su a kwalabe, saboda a waje zanzaro da gizo-gizo da tururuwa na cinye su. Na ji an ce ko ɗaya cikin goma ba ya kaiwa girma. Ina tunanin bana in ƙara yawa.

Malam Mai Lambu (Minesota)
Anti, ɗaya ko biyu don yara su ga ikon Allah da idonsu, wannan babu laifi. Amma tarawa da yawa ban goyi baya ba. Cunkoso a kwalba shi ke yaɗa cutar da aka yi bayani, guda ɗaya ya shafa wa saura. Sannan a 2019 masu bincike a Jami'ar Shikago sun gwada, suka ga waɗanda aka rena a cikin ɗaki ba su fuskanci kudu yadda na waje ke yi ba. Tsawon rana da sanyin dare da tsufan ganye su ke sanar da tsutsa cewa kaka ta zo, a falo kuwa fitila da na'urar sanyaya ɗaki sun ɓata lissafin. In za ki rena, keji mai raga a waje cikin inuwa, kowace da wurinta, a wanke da ruwan bilic bayan kowane zubi. Mutuwar da yawansu kuwa, dama don haka uwa ke saka ɗaruruwa. Ƙarin tsiro ya fi ƙarin kwalba amfani.

Anti Nas (Merilan)
Zuciya ce ba ta jure ganin zanzaro ya ɗauke tsutsar da kake kallo kullum, Malam. Amma na ji, za mu tsaya kan kaɗan. Wani abin kuma ga masu zama a unguwannin da ke da ƙungiyar masu gidaje: an taɓa aiko min da takarda wai in share "ciyawa" daga gaban gida. Nan Merilan tun 2021 akwai dokar da ta hana irin waɗannan ƙungiyoyi tilasta wa mutum shimfiɗa koriyar ciyawa zalla ko hana shi lambun 'yan ƙwari masu amfani. Kowa ya binciki ta jiharsa. Abin da ya taimake ni kuma, na yi wa wurin iyaka da bulo na kafa ɗan allo, sai ya zama kowa ya ga lambu ne da gangan.

Maman Hanif (Ohayo)
Na duba, Malam. Ƙwai ban gani ba tukuna, amma saman tsiron cike yake da wasu ƙananan ƙwari rawaya, sun yi cincirindo, ganyen har danƙo yake. In fesa magani?

Malam Mai Lambu (Minesota)
A'a, ko kusa. Darɓa ce, kusan duk mai milkwid yana da ita, muni ne da ita amma ba kasafai take kashe tsiron ba. Duk maganin da zai kashe ta zai kashe tsutsar, har waɗanda ake ce wa na gargajiya, irin man darbejiya da ruwan sabulu. In ta dame ki, ki fara duba babu ƙwai, sannan ki murtsuke ta da safar hannu ko ki wanke da ruwan tiyo. In kin yi haƙuri ƙwarin da ke cin ta za su zo da kansu. Haka in masu feshin sauro suka ƙwanƙwasa ƙofa, ki sani feshinsu ba ya tantancewa. In za ki sayi dashe kuma, ki tambayi mai shago ko an ba shi maganin ƙwari mai shiga jikin tsiro, in bai ba ki amsa tsayayya ba ki bar masa kayansa. Ganyen da kika gani a huhhuje alama ce mai kyau.

Iri ya fi arha. Da kaka kwanson 'ya'yan zai bushe ya fara tsagewa, za ki ga iri ruwan ƙasa jere da farar auduga. Ki cire kafin iska ta kwashe. Irin na bukatar ya sha sanyi kafin ya tsiro. Ko dai ki watsa shi a ƙasa a watan Nuwamba ki ɗan danna, dusar ƙanƙara ta yi aikinta, ko ki naɗe shi a takarda mai laima cikin leda ki sa a firiji kwana 30, ki shuka bayan sanyi ya wuce. Shekarar farko saiwa yake yi, fure sai ta biyu. Yana kuma makarar fitowa, ki kafa tsinke a wurin don kar ki nome shi. Cibiyar Monarch Watch ta Jami'ar Kansas na ba da shawarar aƙalla tsiro 10, iri biyu ko fiye, kusa da juna, a inda rana ke samu wajen awa 6. A gefensu ki sa furannin da ke buɗewa a Satumba, irin su asta da goldinrod da ziniya, don masu tafiya su yi guzuri.

Hajiya ta Toronto
Audugar nan ma tana da tarihi. A yaƙin duniya na biyu, da Japan ta kama tsibirin Jaba na Indonesiya aka rasa audugar rimi da ake cusa wa rigunan ceto na sojojin ruwa, sai aka sa 'yan makaranta a Amurka da Kanada suna tara kwanson milkwid buhu-buhu, ana kaiwa wata masana'anta a Michigan.

Baban Yusra (Hustan)
To na yarda zan yanke nawa a Oktoba, amma ba zan tumɓuke ba sai na ga wani ya kama. Malam, ko za ka aiko min da irin naka ta gidan waya?

Malam Mai Lambu (Minesota)
Nawa na Minesota ne, ya saba da sanyinmu, zafin Hustan zai wahalar da shi. Maman Hanif zan iya aika wa na fadama, ko da yake ita ma in ta samu na kusa da ita ya fi. Kai ka nemi ƙungiyar masu tsirran asali ta Tekzas, suna da rassa a manyan garuruwa kuma sukan yi kasuwar dashe da kaka. In ka samu viridis, ka sa shi inda zai zauna tun farko, saiwarsa doguwa ce mai nitso, ba ya son a ɗaga shi. In kuma bayan gidanka na riƙe ruwa, ka tambaye su Asclepias perennis, shi ne na wuraren danshi a yankinku, sai dai shi ma yakan zauna da ganye in sanyi bai yi tsanani ba, don haka ka haɗa shi cikin yankan Oktoba.